Sunana Ya Riga Ni Zuwa Maraɗi

Tun da muka dawo ban huta ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna gindin mangwaron tasha a kewaye ni, har wanzami ya riƙe mini kai da aska a hannu yana cewa, "To Malam Lado, yaya ƙasar Faransa take?" Nijar ke nan suke nufi. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura kowa yana ƙara wa labarin gishiri da zarar ya bar wurina, don jiya na ji wai a jirgin sama muka je. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya boko ya karanta wa wanda bai iya ba.

Mu masu ƙananan kantuna a Birnin Gwari wahalarmu ɗaya ce. Kowa shi kaɗai yake hawa mota ya ratsa daji zuwa Kaduna ya saro sukari da sabulu da ashana da kifin gwangwani. Manyan kamfanoni ba sa ko ɗaga kai su dube mu, don mai sayen katan ɗaya ba baƙon kirki ba ne a wurinsu. Ana nan sai wani falke ya ba mu labarin cewa a Maraɗi masu kantuna irinmu sun haɗa kai a ƙarƙashin suna ɗaya da ya fito daga ƙasar Turawa. Kowa na riƙe da kantinsa, amma tare suke sari, mota ɗaya ke rarraba musu kaya. Ya ce Baturen ƙungiyar yana neman kantuna a wannan ɓangaren namu, sai dai motarsu ba za ta ratso daji don mutum ɗaya ko biyu ba. Ko gari duka ya shiga, ko a bar maganar. Muka tambaye shi sunan ƙungiyar, ya ce shi goro ya kai, bai tsaya karatun allo ba.

Aka yi shawara aka tura mutum biyu. Baba Yohanna na Saminaka saboda shekarunsa da hankalinsa, ni kuma saboda na iya karatu.

Akwai wata magana da ba ta shafi sukari ba, amma in ban faɗe ta ba ba za ku gane sauran ba. Duk zuwan da na yi Kaduna sai na sayo 'yan littattafan soyayyan nan da ake bazawa a bakin tasha. A cikinsu yarinya takan kira masoyinta da sunansa, shi kuma ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a zuciya. Na karanta wannan wurin har takarda ta yi laushi. Matata Asabe, wadda ke tsare kanti in na tafi sari, kuma gaskiya ko ina nan ma ita ce, ba ta taɓa kiran sunana ba. Na san haka al'ada take, mahaifiyata ma har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunan mahaifina ba. "Malam" Asabe take ce mini. Akwai wani direba mai suna irin nawa, "mai sunan Malam" take ce masa. Ko kalmar lada ba ta so, don ta yi kusa da yawa, sai ta ce Allah ya ba da sakamako. Ni kuwa ba abin da nake so a duniya kamar in ji sunana a bakinta.

Ranar tafiya da safe na tsaya a ƙofar kanti da jakata, na gyara murya.

"Asabe, kin san dajin nan akwai zaki. In ban dawo ba, ba kya so a ce kin taɓa kiran sunana ko sau ɗaya?"

Ta ci gaba da auna gishiri. "Allah ya kiyaye hanya, Malam. Ka sayo mini kanwa, an ce tasu ta fi."

Motar katako muka hau zuwa Funtuwa. Ni na sa farar rigata ta Salla, don za a ga Turawa. Baba Yohanna kuwa ya zo da tsohuwar kwat da buhun doya, ya ce ba a zuwa garin mutane hannu rabbana. Damina ba ta gama tafiya ba, hanya duk laka. Zaki dai ban gani ba, sai birai da suka zauna a tsakiyar hanya suna dubanmu kamar mu ne muka shigo musu gida ba sallama. Kafin Dogon Dawa mota ta kafe. Kowa ya sauka turi. Na zaɓi bayan taya don in nuna ƙarfi, direba ya taka wuta, laka ta wanke ni daga hula har takalmi. Wata Bafulatana mai tallan nono ta ajiye ƙwaryarta don kada dariya ta sa ta zubar. Baba Yohanna ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam Soyayya, a littafin naka haka ango yake fita?"

Shi kaɗai yake kirana haka, kuma na ƙyale shi don ya girme ni.

A Funtuwa muka sake mota zuwa Katsina, muka sauka a zauren wani dillalin fata, abokin Baba Yohanna. Ban taɓa shan fura irin ta gidan nan ba, kuma ban taɓa shaƙar wari irin na zauren nan ba. Da gari ya waye matar gidan ta aiko mini da rigata an wanke, amma ba fara ba ce kuma, ta koma launin kunun kanwa.

Bayan Jibiya muka iso iyaka. Ni na zaci zan ga bango ko babbar ƙofa. Ashe itace ne aka gitta a kan ganguna biyu, da rumfa, da akuya tana kiwo ƙafafun gaba a Nijar na baya a Nijeriya. Wani jandarma mai gajeren wando ya leƙa buhun Baba Yohanna, ya ga doya, ya yi ajiyar zuciya kamar ya ga tsohuwar budurwarsa. Sannan ya juyo gare ni. Hausarsu ta can daban take, "me" sai su ce "mi", "lafiya" su ce "lahiya".

"Kai, mi sunanka?"

Na ce, "Lado."

Ya ƙura mini ido, sai ya fashe da dariya, ya ƙwala wa ɗan'uwansa kira: "Taho ka ga Lado da kanshi!" Ɗayan ya zo, su biyun suka ƙame suka sara mini. Na ɗaga musu hannu da mutunci. A raina na ce ashe labarin mutum yakan yi nisa bai sani ba. Baba Yohanna ya yi gunaguni da Gbagyi, ban nemi fassara ba.

Muna wuce itacen nan direba ya saki hannun hagu ya koma dama, ga wata babbar mota ta taho. Na yi salati da ƙarfi, Baba Yohanna ya rungume doyarsa ya kira Yesu. Fasinjoji suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ashe su can ta dama ake tuƙi. Wata tsohuwa ta ce, "'Yan Ingila ne, ku bar su, kullum haka suke yi."

Da rana tsaka muka shiga Maraɗi, muka tarar da gari a rufe. Kantuna a kulle, ofisoshi a kulle, na ce ko wani babba ne ya rasu. Aka ce a'a, barcin rana ake yi, kuma doka ce ta gari. Baba Yohanna ya ce in ƙungiyar nan da wannan dokar take zuwa, shi ya shiga tun yanzu.

Muna cikin neman inuwa na ɗaga kai. A saman wani kanti ga allo ja, an zana kwando rawaya, a gefensa manyan haruffa huɗu: LADO.

Na murje ido. Na dubi gaba, ga wani. Muka sha kwana, ga wani kusa da masallaci, ga wani daura da gidan mai. Na zauna a kan buhun doya. Can da la'asar gari ya farka, wasu 'yan mata biyu suka zo wucewa da kwanduna.

"Ke, ina za ki?"

"Lado za ni."

"Ni ma. Wallahi ni dai ba ni da kamar Lado."

Ban san lokacin da na miƙe na ce, "Na'am!" ba. Suka dube ni da rigata mai launin kunu, suka ruga a guje. Baba Yohanna ya kama ni ta wuyan riga ya zaunar. "Zauna, kafin a ɗaure mu a ƙasar da ba mu da kowa. Sunan kantin ne, ba kai ba."

Na sani. Amma ku yi tunani, jama'a. Mutumin da ya shekara da shekaru yana jiran mace ɗaya ta faɗi sunansa, ya wayi gari a birnin da mata duka ke faɗinsa, tsofaffi da yara, da ƙarfi, a bakin titi! Yinin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Masaukinmu gidan Hajiya Mariyama ne, wata gwauruwa mai ƙiba da fara'a, ita ce ke gaba a cikin masu kantunan unguwarsu. Ta ba mu ɗaki a bayan kanti tsakanin katan-katan na sabulu, har yau in na ji ƙamshin sabulun wanka sai in tuna Maraɗi. Da ta ga doya ta kira maƙwabta su zo su gani. Da safe aka kawo mana wani dogon abu a tsaye cikin kwando. Na zaci sandar korar karnuka ce, na jingine ta a bayan ƙofa. Ashe burodi ne. Waje tauri, ciki iska, a tsoma shi cikin gahawa da madara a kwano. Baba Yohanna ya gwada shi a bushe, ya ce wannan sai mai cikakkun haƙora, ya riƙe nasa yana nuna abubuwa da shi duk yini. Dambun zogalensu kuwa, Allah ya sa wa hannun da ya yi albarka.

Muka zauna a kantin muna kallon aiki. Wata mata ta sayi shinkafa, Hajiya ta ƙara mata ɗan dunƙulen sukari ta ce, "Ga kado." Na ɗage ƙafafuna sama ina duban ƙarƙashin benci. Ashe kado a bakinsu gyara ce, ba na cikin ruwa ba.

Baba Yohanna ya yi tambayar da aka aiko mu da ita. "Hajiya, gaya mini gaskiya. Kantin nan naki ne, ko kin zama yarinyar Bature?"

Ta ciro mabuɗi daga bakin zanenta ta kaɗa masa a fuska. "Wanga mabuɗi, ni ka buɗewa, ni ka ruhewa. Dubi ƙasan allon, sunan wa ka gani?" Muka leƙa, ga sunanta da ƙananan haruffa. Ta ce abin da ya haɗa su shi ne sari tare, da sikeli na gaskiya, da shara, da allo iri ɗaya. Baƙo in ya ga kwandon nan ko a wane gari ya san ba za a cuce shi ba. "Sai gaisuwa. Duk wanda ya shigo ta ƙohwa, a ce mishi: Barka da zuwa Lado. Wannan ba a tsallake ta."

Nan take tunanina ya koma gida. Na ga Asabe a bayan kantar kantinmu, na ga bakinta yana buɗewa. Na rufe ido ina murmushi.

Baba Yohanna ya taɓa ni da burodinsa. "Malam Soyayya, sauko. Wa zai faɗi gaisuwar nan a kantinka?"

"Asabe mana!"

"Asaben da ko lada ba ta faɗa? In ta ce a'a fa? Kai ba ka zama a kanti, kowa ya sani. In kantinka ya fita, gari ya fita. Mu koma mu ce wa mutane sukari ya gagara saboda sunanka?"

Murmushin ya bushe a fuskata. Gaskiya ya faɗa. Asabe in ta ce a'a, ko Sarki sai ya haƙura.

Washegari Baturen ya zo, dogo kamar gwangwala, rana ta mai da shi ja. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ana ganewa. Ya ce haruffan nan huɗu farkon wasu kalmomi ne na yarensu, ya faɗe su, na ji kamar mutum na kurkure baki. Shi ba ya cewa Lado yadda muke faɗa. Sai ya ja wutsiyar ya ɗaga ta sama: Ladoo. Da aka gaya masa sunana ya girgiza mini hannu har kafaɗata ta yi ƙara. Na yi ƙarfin hali na bayyana masa matsalata, na roƙa ko za a yarda a kantina kaɗai a ce barka da zuwa a tsaya nan.

Ya karkace kai. "Matarka ba ta san sunanka?"

"Ta sani, ranka ya daɗe."

"Tana fushi da kai?"

"A'a. Girmamawa ce."

"A garinmu, in matata ta bar kiran sunana, na san na yi laifi babba." Ya yi dariya, sannan ya girgiza kai. Ya ce daga garinsu mai ƙanƙara har Maraɗi baki ɗaya ake gaisuwar nan, in ya sassauta wa mutum ɗaya gobe kowa zai zo da tasa matsalar. Amma ya ba mu allo ɗaya mu tafi da shi mu nuna wa mutanenmu.

Da ya fita Hajiya ta tafa hannu. "Ikon Allah! Kai da wanga Nasara kun zauna kuna shawara kan bakin mace, ba wanda ya tambayi mai bakin. Tahi gida, ɗana, ka tambaye ta."

Dawowa ba ta da labari mai yawa sai na allon. Na ƙi yarda a ɗaure shi a saman mota, na rungume shi a ƙirji tun daga Maraɗi. Jandarman nan da ya hango ni bai ko tambayi sunana ba, ya nuna allon ya sara. A Funtuwa mutane suka zaci kamfanin mota na buɗe, har wani ya zo neman aikin direba. Kanwa kuwa sai da muka kusa barin Maraɗi Baba Yohanna ya tuna mini, ya ce in na koma ba ita, ko "Malam" ɗin ma zan rasa.

Masu kantuna suka taru a rumfar Alhaji Tanimu, wanda ya fi mu duka daɗewa a sana'ar. Baba Yohanna ya yi bayani, ya kaɗa mabuɗinsa yadda Hajiya ta yi. Kowa ya ce ya yarda. Da aka juya allon suka ga sunan, dariya ta tashi har mahauta suka leƙo. Da aka zo kan gaisuwa sai duk idanu suka dawo kaina. Alhaji Tanimu ya ce, "To, saura kantin masu kunya. Malam Lado, abincin gari yana hannun iyalinka."

Na tafi gida kamar mai zuwa gaban alƙali. Na tarar da ita tana jera ashana. Na ajiye kanwa, na jingine allon a gabanta, na faɗa mata komai ban rage ba. Ta daɗe tana duban haruffan, duk da ba ta karatun boko.

"In na ƙi, kowa ya rasa?"

"Kowa."

"Shi Baturen, yaya yake faɗinsa?"

Na miƙe wuya na kwaikwaye shi. "Ladoo."

"Sake."

"Ladoo."

Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. "Wannan ai ba sunan kowa ba ne, Malam. Ko akuya ba a sa wa wannan. A kafa allon."

Aka kafa. Aka aika wa Bature, ya zo ya duba, sauran alluna suka biyo. Asabe ta tsaya a bayan kanta tana ce wa kowa, "Barka da zuwa Ladoo," tana jan wutsiyar fiye da Baturen ma. Gari ya ɗauka, yanzu kowa haka yake faɗa. Alhaji Tanimu ya aiko mata da turmin atamfa. Kowa na murna, ni ma ina yi a fuska. Amma na koma gindin mangwaro da littafina na kasa karantawa. Na je har wata ƙasa na ɗauko sunana a ƙirji, na kawo shi bakinta, ta karɓa ta mai da shi na wani.

Wanda ke karanta wa mutane, in Asabe na kusa, ya tsaya a nan.

Ranar da motar ƙungiya ta fara kawo mana kaya, na yini a tasha ana rabo. Bayan la'asar na dawo a gajiye, katan ɗin madara a kafaɗa. Maimakon in bi ta cikin gida yadda na saba, sai na shiga ta ƙofar titi. Ba kowa a kantin. Ta ba ni baya, tana jera gwangwanaye a kan katako. Ba ta juyo ba.

"Barka da zuwa," ta ce. Ta ɗan tsaya. "Lado."

Ba wutsiya. A hankali, gajere, yadda aka raɗa mini shi ranar suna.

Katan ɗin ya sulluɓe, gwangwanayen madara suka watse har bakin titi.

"Me kika ce?"

"Dokar ƙungiya ce, Malam. Duk wanda ya shigo ta ƙofa." Har yanzu ba ta juyo ba, amma na ga gwangwanin da ke hannunta a kife ta ajiye shi.

Na fita da baya, na sake shigowa.

"Malam, kwashe madarar mutane, kana tare hanya."

To, masu tambayar me na samo a Maraɗi, sukari ya yi sauƙi, gaskiya ne, sabulu ma haka. Amma tun ranar nan na daina shiga kanti ta cikin gida. In kun gan ni na zagayo ta bakin titi na tsaya ina leƙe ko da mai saye a ciki, don Allah kada ku biyo ni da tambayar ƙasar Faransa. Ku dakata a waje, ku bar ni in shiga ni kaɗai.